Shekarar 1991: Lokacin da Aka Canja Mudun Auna Waƙoƙi a Amurka

Wanda ya ɗauko jerin waƙoƙi 100 da mujallar Billboard ta Amurka ta wallafa a ƙarshen shekarar 1991, waɗanda ta ce su ne suka fi tashe a shekarar, zai tarar da Bryan Adams ɗan ƙasar Kanada a kan gaba da waƙarsa "(Everything I Do) I Do It for You", kuma wannan ba zai ba kowa mamaki ba, domin har gobe ana sa ta a wuraren biki. Mamakin yana farawa ne idan ido ya gangara ƙasa. A matsayi na biyar akwai wani mawaƙi mai suna Timmy T, na takwas ƙungiyar Hi-Five ce, na tara kuma ƙungiyar Surface, sunayen da a yau ko a can Amurka sai an tona kafin a sami matashin da ya taɓa jin su. A cikin goman farko babu Nirvana, babu Metallica, babu R.E.M., babu kuma ƙungiyar gambarar zamani zalla ko guda ɗaya, alhali kuwa duk wanda aka tambaya game da kiɗan wannan shekara, waɗannan sunayen ne za su fara zuwa bakinsa.

Ba banza ba aka sami wannan saɓani tsakanin abin da takarda ta rubuta da abin da ya zauna a zukatan mutane. A cikin wannan shekarar ne aka canja mudun da ake auna farin jinin waƙa da shi a Amurka, har ya zamana waƙoƙin watan Janairu da wani mudu aka auna su, na watan Disamba kuma da wani daban. Galibin masu begen waƙoƙin wancan zamani suna ɗauka cewa ra'ayin jama'a ne ya juya dare ɗaya, matasa suka watsar da waƙoƙin soyayya masu taushi, suka rungumi kiɗan rok mai ƙara da gambara mai zafin baki. A ganina abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne jama'a sun daɗe suna sayen abin da suke saye, masu awon ne ba sa cika mudu.

Jadawalin da ake kira Hot 100, wanda shi ne babban ma'aunin waƙoƙi ɗaiɗaiku a Amurka, ya fara fita ne ranar 4 ga Agusta, 1958, kuma fiye da shekara 30 yana tsaye a kan ƙafa biyu, wato rahoton kantuna da rahoton gidajen rediyo. Kowane mako ma'aikatan mujallar kan tuntuɓi wasu zaɓaɓɓun kantunan sayar da faifai, a nemi manaja ko yaron kanti ya jero waɗanda suka fi tafiya, daga na ɗaya zuwa ƙasa. Ba adadin kwafi ake nema ba, jeri kawai ake so, saboda haka idan faifan da ya zo na ɗaya ya ninka na biyu sau biyar a ciniki, wannan rata ba ta bayyana a ko'ina. Gidajen rediyo su ma sukan aika da jerin waƙoƙin da suka ce suna sawa, ba tare da wani ya zauna ya ƙirga sau nawa aka sa kowace ba. Duk ginin ya dogara ne a kan maganar baki da tunanin mutumin da ke tsaye bayan kanta, wanda wataƙila a daidai lokacin da aka kira shi yana fama da layin masu saye ne.

Inda duk aka bar awo a hannun amana kaɗai, algus ba ya nisa. Kamfanonin waƙa sun san kantunan da ake tambaya, sun kuma san ranar da ake tambayar, don haka wakilansu kan zaga da kyautar faifai, ko tikitin shiga wasa, ko alkawarin talla, a nemi a ɗan ɗaga sunan mawaƙinsu sama. A ɓangaren rediyo kuwa abin ya tsufa, domin tun a 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki yadda ake ba masu gabatar da shiri toshiyar baki su sa waƙa, badaƙalar da ta ci Alan Freed, ɗaya daga cikin mutanen da suka fara yayata kiɗan rok a rediyo. Akwai kuma wata cuta da ta fi cin hanci wuyar magani, wato raini. Yaron kantin da ke jin kansa ɗan birni ne mai kunnen kiɗa ba ya son ya faɗa wa mujallar da ke New York cewa abin da ya fi sayarwa a makon shi ne waƙar makiyayan karkara ko gambarar yaran unguwannin baƙar fata, sai ya ambaci sunan da yake ganin ya fi kama da na mutanen kirki. Ba lallai ne ya yi niyyar ƙarya ba. Abin da ido ya saba girmamawa shi tunani ke fara kawowa.

Wasu mutum biyu masu binciken kasuwa, Mike Fine da Mike Shalett, su suka zo da tsarin SoundScan, wanda hikimarsa ba ta da wani sarƙaƙiya. Kowane kaset ko faifan CD yana ɗauke da waɗannan baƙaƙen layuka na lamba a bayansa, irin waɗanda ake gani a jikin kayan babban kanti, kuma da zarar mai karɓar kuɗi ya goga shi a na'ura ta yi ƙara, an ƙirga kwafi ɗaya ke nan, sai kwamfuta ta tattara lissafin ta aika. Babu ra'ayin manaja a ciki, babu kunyar yaron kanti. Billboard ta fara amfani da waɗannan alkaluma a jadawalin kundin waƙoƙi mai ɗauke da sunaye 200 a fitowarta ta ranar 25 ga Mayu, 1991, kuma tun a makon farko aka ga abin da ya tayar da hankalin manyan kamfanoni: kundin Garth Brooks mai suna "No Fences", na kiɗan kantiri, ya yi tsalle daga na 16 zuwa na 4, ba don an saye shi fiye da makon da ya gabata ba, sai don an fara ƙirga shi da gaske. Masu karatu da suka tashi suna jin muryar Don Williams tana fita daga rediyon mota ko shagon tela a garuruwanmu ba za su yi mamakin cewa wannan kiɗa yana da jama'a ba, amma a ofisoshin New York da Los Angeles an daɗe ana yi masa kallon kayan ƙauye.

Wata ɗaya bai cika ba aka sake shan mamakin da ya fi wannan. Ƙungiyar N.W.A ta unguwar Compton da ke kusa da Los Angeles, wadda Eazy-E da Dr. Dre da MC Ren da DJ Yella ke ciki bayan ficewar Ice Cube, ta fitar da kundinta na biyu a ƙarshen Mayu, ya shiga jadawali a matsayi na biyu, sannan ranar 22 ga Yuni ya hau na ɗaya. Gidajen rediyo ba sa sa waƙoƙinsa saboda ashar da ke ciki, ba wani katafaren kamfani ne ya fitar da shi ba, kuma ƙungiyar ita ce wadda a 1989 wani jami'in hukumar FBI ya rubuta wa kamfaninta takardar ƙorafi a kan waƙar da ta caccaki 'yan sanda. Kundinsu na farko, "Straight Outta Compton", duk da miliyoyin da ya sayar, a tsohon mudu bai wuce na 37 ba a wancan lokaci. Gaskiya ne cewa kafin su an sami kundin gambara da ya kai na ɗaya, tun daga Beastie Boys a 1987 har zuwa MC Hammer da ya yi mako 21 a sama a 1990, amma waɗannan gambara ce ta rawa da nishaɗi wadda iyaye kan iya kau da kai a kanta. Ta N.W.A kuwa ta bindiga ce da ƙwaya da gaba da hukuma, kuma ta fito ne wata uku kacal bayan da duniya ta ga bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna lakaɗa wa Rodney King duka ranar 3 ga Maris. Dole ne a faɗi cewa wannan kundi cike yake da cin mutuncin mata da ba shi da wata kariya, kuma hawansa na ɗaya bai wanke shi ba. Abin da ya nuna kawai shi ne girman kasuwar, domin yawancin kantunan da SoundScan ta fara ƙirgawa manya ne da ke unguwannin masu hali a gefen birane, lamarin da ya sa masu kamfanoni suka fahimci cewa 'ya'yan fararen fata ma suna sayen wannan kaya da kuɗin aljihunsu.

Sabon mudun ya kuma fasa wata tsohuwar fahimta game da yadda faifai ke rayuwa a kasuwa. A da an yi imani cewa kundi yana shiga jadawali ne daga ƙasa, ya riƙa hawa sannu a hankali har ya kai ƙololuwa, kamar yadda shuka ke girma, kuma a duk tarihin jadawalin kafin 1991 kundi shida ne kacal suka taɓa faɗowa kai tsaye a na ɗaya: biyu na Elton John, sai na Stevie Wonder, da Bruce Springsteen, da Whitney Houston, da Michael Jackson. Da aka fara ƙirga na gaskiya sai ta bayyana cewa masoyan mawaƙi a makon farko suke yin rububi. Ƙungiyar Skid Row ta faɗo a na ɗaya a ƙarshen Yuni, Metallica ta yi haka a watan Agusta da baƙin kundinta, Garth Brooks ya bi sahu a Satumba da "Ropin' the Wind", wanda shi ne kundin kantiri na farko da ya yi hakan. Ranar 17 ga Satumba kuwa kantuna da dama suka buɗe ƙofa da ƙarfe 12 na dare, matasa suka yi layi a titi domin sayen tagwayen kundin Guns N' Roses, waɗanda suka kama na ɗaya da na biyu a mako guda. Abin da aka yi shekara da shekaru ana ɗauka abin al'ajabi ne, cikin wata huɗu ya zama ruwan dare.

To, me ya sa duk wannan guguwa ba ta bayyana a goman farko na waƙoƙin shekarar ba? Dalilin shi ne jadawalin Hot 100 bai koma sabon tsari ba sai ranar 30 ga Nuwamba, lokacin da aka haɗa alkaluman SoundScan da na wani tsari mai suna BDS, wanda ke girka kwamfutoci a birane suna sauraren gidajen rediyo dare da rana, suna gane kowace waƙa da sautinta kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa, suna ƙirga sau nawa aka sa ta. Ke nan kusan dukan waƙoƙin da suka yi fice a 1991 da tsohon mudu aka auna su, kuma su ne amfanin gonarsa na ƙarshe. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna bambancin. A 1991 waƙoƙi 27 ne suka zauna a kujerar na ɗaya, da yawansu mako ɗaya tak suka yi suka ba da wuri, kamar ana rabon sarauta bi da bi. A 1992 kuwa 13 ne kawai, a ciki har da ta Boyz II Men da ta yi mako 13, da ta Whitney Houston da ta fara zaman mako 14 a ƙarshen shekarar. Ba wai mutanen 1991 sun fi saurin gundura ba ne. A tsohon tsari, da zarar waƙa ta taɓa na ɗaya kamfaninta ya sami abin da yake nema, sai ya juya ga mai bi mata, gidan rediyo kuma ya cire ta daga jerin da yake aikawa ko da yana ci gaba da sa ta safe da yamma.

Waƙar Bryan Adams kanta shaida ce. An yi ta ne domin fim ɗin Robin Hood wanda Kevin Costner ya fito a ciki, kuma a Birtaniya, inda jadawali ya dogara a kan ciniki zalla kuma aka riga Amurka fara ƙirga shi da na'ura, ta yi mako 16 a jere tana na ɗaya, abin da har yau ba a sami wadda ta yi a jere ba, sai da ƙungiyar U2 ta zo ta sauke ta. A Amurka mako 7 ta yi. Da wuya a yarda cewa Amurkawa sun gaji da ita da wuri har haka, alhali a can ma ta sayar da miliyoyi.

Wannan ba yana nufin waƙoƙin pop na shekarar duk na jabu ba ne, kuma zai zama rashin adalci a ɗauke su haka. Mariah Carey ta kai na ɗaya sau uku a cikin 1991, kuma da "Emotions" ta zama mawaƙiya ta farko da waƙoƙinta biyar na farko duk suka hau na ɗaya; da aka canja mudu ma ba ta sauka ba, ita ce ma ta fi kowa cin moriyarsa a shekarun da suka biyo. Paula Abdul ta yi mako 5 a sama da "Rush Rush". Sai dai zamani ne da hoton bidiyo a tashar MTV ya fara fin murya daraja, kuma hakan ya haifar da nasa algus ɗin. A watan Nuwamban 1990 aka ƙwace kyautar Grammy daga hannun samari biyu na Milli Vanilli bayan ta tabbata ba su ne suka rera waƙoƙinsu ba. Waƙar da ta zo ta uku a jerin 1991, "Gonna Make You Sweat" ta C+C Music Factory, da ƙaƙƙarfar muryar Martha Wash aka san ta, amma a bidiyo wata siririyar mace aka nuna tana motsa baki, saboda masu shirin suna ganin jikin mai muryar bai dace da talabijin ba. Martha Wash ta kai ƙara kotu, kuma daga baya aka sanya sunanta a inda ya kamata.

Labarin gambara a jadawalin waƙoƙi ɗaiɗaiku ya fi kowanne nuna yadda dabarun kasuwa ke karkatar da lissafi. Waƙar gambara ta farko da ta kai na ɗaya a Hot 100 ita ce "Ice Ice Baby" ta Vanilla Ice a Nuwamban 1990, ta biyu kuma ta Marky Mark ce a Oktoban 1991, wanda daga baya ya zama ɗan fim da sunansa na gaskiya Mark Wahlberg, kuma dukansu fararen fata ne a cikin fasahar da baƙar fatar unguwar Bronx suka ƙirƙira. "U Can't Touch This" ta MC Hammer, wadda babu lungun da ba ta shiga ba a 1990, a na 8 ta tsaya, domin kamfaninsa ya ƙi fitar da ita a ƙaramin kaset mai araha, don a tilasta wa mai so ya sayi kundin gaba ɗaya. A cikin 1991 "Summertime" ta Will Smith da abokinsa Jazzy Jeff ta kai na 4, "O.P.P." ta Naughty by Nature ta kai na 6. Sai ga shi a ranar da aka fara aiki da sabon mudu, 30 ga Nuwamba, waƙar da ta hau na ɗaya ta gambara ce, ta 'yan'uwa biyu baƙar fata daga New Jersey da ake kira P.M. Dawn. A shekarar da ta biyo, yara biyu na Kris Kross suka yi mako 8 a sama, Sir Mix-a-Lot ya yi mako 5.

Kusan duk waɗannan waƙoƙi a kan gutsuren tsohon kiɗa aka gina su. Mai haɗa kiɗa kan yanko daƙiƙa uku ko huɗu daga wani tsohon faifai, ya sa na'ura ta riƙa maimaita su, ya ɗora ganga da baituka a kai: Vanilla Ice ya yanko daga Queen da David Bowie, Hammer daga Rick James, Naughty by Nature daga Jackson 5, P.M. Dawn daga ƙungiyar Spandau Ballet ta Ingila. Wasu kan nemi izini su biya, wasu kuma su yi shiru sai in an kama su. A watan Disamban 1991 alƙali Kevin Duffy na kotun tarayya da ke New York ya yanke hukunci a ƙarar da aka kai Biz Markie saboda gutsuren da ya ɗauka daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, ya buɗe hukuncin da dokar Attaura da ta hana sata, aka janye kundin daga kasuwa. Daga ranar kowane gutsure sai da lauya da kuɗi, kuma salon tara gutsattsari goma ko ashirin a waƙa ɗaya, irin wanda Public Enemy da De La Soul suka shahara da shi, ya zama abin da aljihu ba zai ɗauka ba. A wata guda aka ba gambara kujerarta a jadawali, aka kuma tsaurara mata dokar da ta canja mata sauti.

A ɓangaren rok, abin da rediyo ke so a yarda da shi kafin watan Satumba shi ne mai laushi. Ƙungiyar Extreme, masu kiɗa mai nauyi, da waƙar jita ɗaya da murya biyu suka kai na ɗaya. "Wind of Change" ta Scorpions 'yan Jamus, wadda ta zama taken rushewar katangar Berlin da wargajewar Tarayyar Sobiyat, ta kai na 4, haka ma "Losing My Religion" ta R.E.M. Sai ranar 24 ga Satumba samari uku na ƙungiyar Nirvana ta jihar Washington, Kurt Cobain da Krist Novoselic da Dave Grohl, suka fitar da "Nevermind", a rana ɗaya da sababbin kundin Red Hot Chili Peppers da A Tribe Called Quest. Kamfaninsu bai kai kwafi 50,000 kantunan Amurka a tashin farko ba, kundin kuma ya shiga jadawali ne a na 144. Bidiyon "Smells Like Teen Spirit" shi ya kunna wutar: ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare cikin hayaƙi da haske ruwan ƙasa, ɗalibai zaune a benci suna kaɗa kai, wani tsohon mai shara yana rangaji da sandar gogensa, mawaƙin kuma sanye da riga mai ratsi-ratsi, gashi ya rufe masa fuska, har daga ƙarshe taron ya ɓarke ya zama hargitsi. Ga matashin da ya gaji da ganin mawaƙan rok masu feshin gashi da wandon fata, wannan ya yi kama da ajinsu. Ranar 11 ga Janairu, 1992, "Nevermind" ya sauke "Dangerous" na Michael Jackson daga na ɗaya, kuma a tsohon tsari da wuya a ce yaran kanti da wakilan kamfanoni za su bar hakan ta faru da wuri haka.

An mayar da wannan rana tamkar juyin mulki a tarihin kiɗa, amma labarin ya sha gishiri. Michael Jackson bai faɗi ba: waƙarsa "Black or White", wadda aka haska bidiyonta a ƙasashe 27 a lokaci guda ranar 14 ga Nuwamba, da fuskokin mutane suna rikiɗa daga wannan launi zuwa wancan, ta yi mako 7 a na ɗaya, kundin kuma ya sayar da sama da miliyan 30 a duniya. Nirvana mako biyu kawai ta yi a sama, ba ma a jere ba, kuma wanda ya karɓe kujerar duk sau biyun shi ne Garth Brooks da malafarsa ta makiyaya, wanda kundinsa ya tara mako 18. Idan alkaluma za a bi, shi ne sarkin wannan zamani, amma marubuta tarihin kiɗa, waɗanda yawancinsu 'yan birni ne masu son rok, sun fi son labarin samarin Nirvana na birnin Seattle, musamman bayan mutuwar Cobain a watan Afrilun 1994 yana da shekara 27. Rainin da aka kora daga bayan kanta ya sami mafaka a shafukan jarida.

Sabon mudun ma bai rasa nasa ramin ba. A farkonsa ƙananan shagunan unguwa, inda baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fi sayayya, da yawansu ba su da na'urar, don haka sai a kimanta cinikinsu ko a tsallake shi. Kamfanoni kuma ba su daina dabara ba, salo kawai suka sauya: suka koma karya farashin ƙaramin kaset a makon da suke son waƙa ta yi tsalle, ko su ƙi fitar da shi sam kamar yadda aka yi wa Hammer, har ta kai "Don't Speak" ta ƙungiyar No Doubt ta yi mako 16 tana gaba da kowa a rediyo ba tare da ta shiga Hot 100 ba, saboda doka ta ce sai waƙar da ake sayarwa ita kaɗai. Sai a Disamban 1998 aka soke wannan sharaɗi. Cinikin makon farko ya zama abin bauta, mawaƙin da ke buƙatar shekara guda kafin jama'a su gane shi ya rasa mai haƙuri da shi. Sannan na'urar abin da aka biya kuɗinsa a kanti kawai take gani. Duk wanda ya taɓa kai kaset maras komai shagon mai rikodin a Kano ko Kaduna ko Zinder, ya zaɓi waƙoƙi aka ɗora masa, aka rubuta sunayensu da biro a jikin takardar, ya dawo gida yana juya zaren da wannan biron don kada batir ya ƙare, ya san cewa akwai miliyoyin masu sauraren Michael Jackson da Hammer da ba su taɓa shiga lissafin kowa ba.

Daga baya an yi ta sake mudun: a 2005 aka shigar da waƙoƙin da ake saye ta intanet, a 2007 aka fara ƙirga saurare kai tsaye, a 2013 aka haɗa da kallon YouTube. Da wannan ƙirga ne a 2017 kamfanin Nielsen, wanda SoundScan ta koma hannunsa, ya bayyana cewa gambara da danginta sun zarce rok a matsayin kiɗan da aka fi saurare a Amurka, shekara 26 bayan makon N.W.A. Tsarin saurare ta intanet ya kuma zo da abin da ba SoundScan ba, ba yaron kanti ba, babu wanda ya iya aunawa, wato sau nawa mutum ke komawa ga waƙa bayan shekaru sun shuɗe. A 2021 "Smells Like Teen Spirit" ta haura saurare biliyan ɗaya a manhajar Spotify, ita da a zamaninta ba ta taɓa wuce na 6 a Hot 100 ba, matsayi biyar ƙasa da inda Timmy T ya zauna na mako guda a watan Maris na 1991.